Injin Aro a Jikin Tsohuwar Mota: Daga Garejin Cadawa zuwa Masu Ƙera Cobra

A kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da gefen Maraɗi, ta ratsa Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram, da yawa daga motocin da ke ɗaukar ƴan kasuwa da buhunan aya da gero da wake ba da injinsu na asali suke tafiya ba. Gangar jikin ta shekara talatin ko fiye, injin kuwa an ciro shi ne daga wata motar da ta gama aikinta a Turai ko Japan. Dashen inji ya daɗe a garejin yankin, babu mai mamakinsa. Abin da yake sabo shi ne burin da wayar hannu ta kawo. Matasan makanikai suna kallon yadda ake haɗa motocin tsere na kwaikwayo a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu, ana cusa wa ƴar ƙaramar mota inji mai silinda takwas, sai maganar ƙarfin doki ta fara danne maganar juriya. Burin ba abin zargi ba ne, amma yana iya ɓatar da mai shi. A ganina injin da ya cancanci dashe shi ne wanda ke ba da ƙarfinsa ba tare da an matse shi ba, wanda kuma lagireto da birki da man da ake samu da makaniken gari za su iya ɗaukarsa. Hujja mafi ƙarfi a kan haka daga wajen masu ƙera motocin tseren kansu take fitowa.

Dalilan da suka raya wannan sana'a ba ɓoyayyu ba ne. Sabuwar mota ta fi ƙarfin aljihun direban tasha, shi ya sa kasuwar ta dogara da kwancen waje. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Tare da motocin ake shigo da injuna da giyabos a kwantena, su sauka Kwatano ko Legas, su watsu zuwa Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, daga nan su ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa. Akwai kuma gadon Peugeot. Kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, ya bar wa ƙasar Hausa dubban gangar jiki masu ƙwari da makanikan da suka san su ciki da bai. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe iyaka da Benin suka tsawaita hanyar kaya, suka ƙara mata tsada. Wanda a da zai sayar da tsohuwar akori-kurarsa ya sayi wata ƴar Kwatano, yanzu lissafi na nuna masa ya fi sauƙi ya nemo mata inji.

Ɗaya daga cikin motocin da aka fi kwaikwaya a duniya ita kanta da dashen inji aka haife ta. A 1962 Carroll Shelby ya ɗauki AC Ace, ƴar ƙaramar motar Ingila, ya sa mata injin Ford mai silinda takwas da lita 4.3, daga baya lita 4.7, aka kira ta Cobra. Ɓangaren labarin da masu sha'awa ke tsallakewa shi ne abin da ya faru da aka so hawa zuwa lita 7 a 1965. Tsohon tsarin bai ɗauka ba. Sai da aka sake shasin da bututun ƙarfe mai kaurin inci 4 maimakon 3, aka watsar da tsohon sifirin mai ganye aka koma na murɗe, aka faɗaɗa gidan taya, aka buɗe bakin gaba don iska ta ishi lagireto. Wato kamfani mai injiniyoyin Ford a bayansa bai iya ƙara inji kawai ya tafi ba, sai da ya sake ƙera rabin motar. Duk wanda zai ɗora babban inji a kan shasin da ya sha ramukan hanyar ƙauye shekara ashirin, kuma an yi masa walda a wuri biyar, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

Masu kwaikwayon da suka biyo baya sun ɗauki wani darasin da ya fi kusa da halinmu. Da kamfanin Factory Five na Amurka ya fara sayar da kayan haɗa Cobra a 1995, ya tsara su ne yadda mai saye zai ciro inji da giyabos da ƙafafun baya daga tsohuwar Ford Mustang ta 1987 zuwa 1993. A lokacin akwai injunan da suka fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya ba shi fifiko shi ne yana cike da wuraren kwancen motoci, kayansa na kowane shago, kowane makanike ya taɓa buɗe shi. Lotus Seven ta 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙerawa a 1973, da injunan ƙananan motocin Ford na yau da kullum ta yi suna, saurinta daga rashin nauyi yake zuwa. Lissafin a fili yake: mota mai kilo 600 da doki 120 daidai take da mai kilo 1,500 da doki 300 wajen rabon ƙarfi da nauyi, ga ƙarancin shan mai, ga sauƙin tsayawa. A Afirka ta Kudu kuwa injin Lexus mai suna 1UZ, lita 4, wanda ya fito a 1989 da doki wajen 250, ya zama abin dashe a Cobra da Hilux duka, domin yana zuwa da araha daga Japan kuma an gina shi da ƙwarin da ya zarce abin da ake nema daga gare shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zaɓi inji don adadin dokinsa kaɗai. Kasuwar kaya suka fara dubawa, kamar yadda direban Gazawa ke tambaya ko za a sami fanbel da gaskit a Maraɗi kafin ya biya kuɗin inji.

Inda ƙasarmu ta fi tasu tsanani shi ne zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ne kawai ke juya ƙafa, wani kashin ya fita ta salansa, sauran kuwa lagireto ne zai kwashe shi ya miƙa wa iska. Idan an ninka ƙarfin inji, zafin da za a kwashe ya ƙaru gwargwadon haka, alhali a watannin Afrilu da Mayu iskar da za ta karɓe shi ta haura digiri 40 tun kafin ta taɓa ƙarfe. Nan ne dashe da yawa ke mutuwa. An sa sabon inji, an bar tsohon lagireton da ya toshe rabi, an cika shi da ruwan rijiya mai gishiri da ke cin ƙarfe yana barin dattin da ke ƙara toshewa, murfin kuma ya daina riƙe matsi, sai ruwan ya tafasa da wuri. Idan allura ta hau, maganin da aka saba shi ne a cire tamostat a jefar. Wannan yana ɓoye ciwon ne kawai: injin zai daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, zobban fistin su riƙa cin bango, mai ya ƙaru, kuma ranar da aka yi lodi aka shiga yashi zai tafasa duk da haka. Injin 1HZ na Land Cruiser, dizal mai silinda shida da lita 4.2 da Toyota ta fito da shi a 1990, doki wajen 130 kacal yake bayarwa. A takarda wannan kaɗan ne ga girmansa, kuma wannan ƙarancin ne sirrin daɗewarsa a Sahara, domin kowane fistin aiki kaɗan yake yi, zafi kaɗan yake tarawa.

Za a ce wannan ra'ayin riƙau ne, domin injunan zamani sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, sun fi tsabtar hayaƙi. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Dizal ɗin Hilux mai lita 2.8 da ya fito a 2015 ya fi 1HZ ƙarfi da doki wajen hamsin, da ƙaramin ciki. Sai dai farashin wannan nasarar shi ne tsabta. Nozul ɗinsa yana fesa gas da matsin da ya ninka na iskar taya ɗaruruwan sau, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta ishe shi lalacewa, kuma ba a gyara shi a gindin bishiya. Man da ake sha a yankin kuwa ba iri ɗaya ba ne. Matatar Soraz ta Damagaram, da ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, ba ta taɓa kawar da ƴan ruwa-ruwa masu kwalba a bakin hanya ba, kuma bayan da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 kasuwar man Nijar ta birkice har aka kai ga dogayen layuka a gidajen mai a Maris na 2025. Direban da ya sha layi ba ya tambayar asalin abin da aka zuba masa. Ƙara da ƙurar hunturu da ke cika matatar iska cikin kwanaki. Amsar da wasu ke bayarwa, wato a cire injekta da ƙwaƙwalwar mota a ɗora kafireto, ni ban yarda da ita ba. Tana rage ƙarfi, tana ƙara shan mai, tana mayar da inji mai kyau baya da shekara ashirin don kawai babu mai na'urar karanta shi. Injunan fetur masu injekta na shekarun 1990 suna da sauƙin wayoyi da juriyar mai, kuma makanike mai son koyo zai iya ƙware a kansu. Kuɗin da ake kashewa a kan kafireto, da na'urar gwaji aka saya da shi da ya fi riba.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba, ita ce abin da injin kwantena ke yi wa hannun makanike. Gina inji aikin awo ne. Ana auna faɗin silinda, a auna karanshaf, a daidaita tazarar metal da ba ta kai kaurin gashi ba, a ɗaure kan inji da bin tsari da ma'aunin ɗauri, a wanke hanyoyin baƙin mai tas kafin a rufe. Yaron da ya tashi a garejin da maigidansa ke cewa kullum a je Kano a sayo wani, zai ƙware a kwancewa da ɗaurawa, ba zai taɓa riƙe ma'auni ba. Shi kuma injin da aka sayo babu wanda ya san tafiyar da ya yi, wankin da ya sha a shago ba shaida ba ne. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Mafi ƙarancin abin da ya kamata kafin a biya shi ne a gwada matsin kowane silinda, a buɗe kaskon ƙasa a duba ko akwai garin ƙarfe, sannan a sauya bel ko sarƙar taimin da famfon ruwa tun yana ƙasa, lokacin da aikin bai wuce na yini ɗaya ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne birki. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka huɗu, kuma hanyar da ta ratsa Cadawa da Agye ba filin tsere ba ce, hanya ce ta amalanke da kabu-kabu da yara da dabbobi, musamman ranar kasuwa. Motar haya da aka ƙara wa inji aka bar mata tsohon birki da tayoyin kwance ta fi yadda take a da haɗari, ko da direban na jin daɗin yadda take hawa. Takardar mota ma tana ɗauke da ƙarfin inji da irin mai, kuma a kansu ake lissafa inshora, don haka dashen da ba a gyara wa takarda ba yana iya zame wa mai shi rigima ranar da tsautsayi ya faɗa.

Wani zai ce ina ruwan yankin da ke fama da abincin shekara da motar tsere ta kwaikwayo. Wannan tambaya tana raina abin da ake koya a irin wannan aiki. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, ya ɗaga shi ƴan ƙafafu daga ƙasa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya kai ga zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023. Mai iya lissafa nauyi da zafi da birki don ƴar motar wasa shi ne zai iya gyara injin ban-ruwa da janareton asibiti. Idan matashin Cadawa zai haɗa tasa, injin fetur na Hilux da Hiace mai suna 3RZ ya fi dacewa da shi a kan duk wani mai silinda takwas da ya gani a waya: lita 2.7, doki wajen 150, gangar baƙin ƙarfe, sarƙa maimakon bel, giyabos mai tura ƙafafun baya, kayansa kuma ba sa wuyar samu a Maraɗi da Kano. A kan shasi mara nauyi wannan ƙarfin ya wadatar har ya yi yawa. Sai ya nemi lagireto mafi girma da zai shiga, ya ɗauko birkin daga motar da ta ba da injin, ya kuma ɗaga cikin motar sama da yadda Cobra take, domin kaskon mai da ya yi ƙasa ba zai tsallake tudun rage gudu na farko a shiga Agye ba.