Shirya Irin Dankalin Turawa Kafin Shuka a Lambun Gida

Ba a shuka dankalin turawa da ƙwaya kamar gero ko tumatir. Shi kansa ɗan dankalin ake mayarwa ƙasa, domin kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa ya tara abinci, kuma daga 'yan ramukan jikinsa, waɗanda manoma ke kira idanu, tsiro ke fitowa. Don haka duk abin da uwar ke ɗauke da shi, ƙarfi ko cuta, shi 'ya'yan ke gada. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: albarkar lambu tana farawa ne daga irin da aka shirya.

Asalin wannan shuka tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, shi ya sa take son sanyi. Tana zuba 'ya'ya sosai idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, tana kuma tsayawa idan ya kai wajen 30. Wannan ne ya sa Bokkos da Mangu da Barkin Ladi a Jihar Filato suka yi fice wajen nomanta, haka ma lambunan tsaunukan Azbin a Nijar. A Filato ana shukar damina a watan Afrilu ko Mayu, a wurare masu zafi kuwa sai an jira hunturu, wajen watan Nuwamba. Ko wanne ne, shirin iri yana farawa mako huɗu zuwa shida kafin ranar shuka.

Matakin farko shi ne zaɓe. Irin da ya fi dacewa shi ne mai girman ƙwan kaza, nauyin giram 40 zuwa 60, mai tauri, wanda fatarsa ba ta da rauni ko tabo ko hudar tsutsa. Dankalin miya na kasuwa yana da haɗari, domin ba a san gonar da ya fito ba. Cutar da ke sa shuka ta yanƙwane alhali ƙasa na da laima tana ɓuya a cikinsa, kuma in ta shiga lambu takan shekara da shekaru a ƙasa. Alamarta ita ce zobe mai ruwan ƙasa a cikin tsokar, da farin ruwa mai yauƙi idan an matsa. Akwai kuma cututtukan da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, waɗanda ke sa iri ya ƙanƙance shekara bayan shekara. Maganin wannan shi ne sabunta iri daga amintaccen tushe, kamar tashar binciken dankali da ke Kuru kusa da Jos, ko masu sayar da ingantaccen iri na nau'ukan dankali irin su Nicola da Marabel. Mai ajiye irin kansa kuwa tun shukar tana tsaye zai sa wa masu lafiya alama, ya haƙe su daban.

Dankalin da aka haƙa kwanan nan ba ya tsira nan take. Yakan yi barci na wata biyu zuwa uku, gwargwadon nau'insa, kuma in aka binne shi a wannan hali sai ya daɗe a ƙasa har ya ruɓe. Saboda haka ake tsirar da shi tukuna. Ana jera shi ɗaya bayan ɗaya a faifai ko kwando ko kwalin ƙwai, gefen da ya fi yawan idanu yana kallon sama, a ajiye a rumfa ko baranda inda iska ke ratsawa, haske na shiga amma rana ba ta duka. A duhu, ko cikin ɗaurarren buhu, tsiron yakan fito fari, dogo, siriri, ya karye da an taɓa shi. A haske kuwa yana fitowa gajere, kakkaura, kore ko shunayya. Tsawon santimita 1 zuwa 2 ya wadatar. Idan tsiro ɗaya tak ya fito a ka, ana ɓalle shi domin sauran idanun su farka, tunda yawan kara shi ke kawo yawan 'ya'ya. Fatar za ta yi kore, wannan ba ya cutar da iri, amma koren dankali yana da guba, ba a ba mutum ko dabba.

Babban dankali ana iya raba shi, muddin kowane yanki yana da ido biyu aƙalla kuma bai gaza girman ƙwai ba. Ana yankawa daga kai zuwa gindi domin idanun su rabu daidai. Bayan kowane dankali ana tsoma wuƙar a ruwan bilic, don kada ta kwashi cuta daga wannan ta kai wa wancan. Sai a baza yankakkun a inuwa kwana biyu zuwa uku har wurin yankan ya bushe ya yi sabuwar fata. Wasu manoma suna barbaɗa masa toka. Inda ƙasa ke da zafi ko ruwa ke kwanciya, yankakken iri yana saurin ruɓewa, don haka ƙaramin dankali sukutum ya fi aminci.

Wurin shuka ma yana cikin shiri. Ba a sa dankali inda aka cire tumatir ko tattasai ko attarugu ko gauta, domin danginsa ne kuma cutarsu ɗaya. Ana ba irin wannan wuri hutun shekara uku. Ana ɗaukar irin zuwa lambu a cikin kwandon da ya tsira a ciki, don kada tsiron ya kakkarye. A ƙasa mai laushi da laima, wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen takin gargajiya, ana ajiye kowane iri a zurfin santimita 10, tsiron na kallon sama, da tazarar santimita 30 tsakanin iri da iri, da 75 tsakanin kunya da kunya. Irin da aka shirya haka yakan huda ƙasa cikin mako biyu zuwa uku, ya tashi bai ɗaya.