Kundin Zanen Kayan Gargajiyar Amurka na Shekarun 1935 zuwa 1942

A lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a shekarun 1930, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar samar da ayyukan yi da ake kira WPA, wadda reshenta na masu zane, ƙarƙashin jagorancin Holger Cahill, ya ɗauki nauyin wani aiki mai suna Index of American Design, wato kundin zanen kayan hannu da na ado da mutanen ƙasar suka ƙera tun zamanin mulkin mallaka har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Mata biyu ne suka kawo shawarar, Romana Javitz ta Babban Ɗakin Karatu na Niyok da Ruth Reeves mai zanen yadi, kuma daga 1935 zuwa 1942 ɗaruruwan masu zane a jihohi 34 suka samar da zane sama da 18,000.

An zaɓi fentin ruwa, wato launin da ake damawa da ruwa a shafa a takarda da buroshi, domin hoto mai launi a wancan zamani yana da tsada kuma yakan koɗe, ga kuma masu zane barjat ba su da abin yi. Sharaɗin aikin mai tsauri ne, domin ba a yarda mai zane ya nuna salon kansa ba. Idan aka ajiye masa bargon da aka ɗinka da ƙyallaye, tilas ya fito da kowane zare da inda launi ya dushe. Idan kujerar 'yan ɗariƙar Shaker ce, sai jijiyar katakon ta bayyana har mai kallo ya ji kamar ya kai hannu ya shafa. Suzanne Chapman ta gidan tarihin Boston ta koyar da dabarun da aka aro daga masu kwafar zanen kaburburan Masar. Haka aka zana tukwane, da dawakan katako na lilon yara, da gumakan goshin jiragen ruwa, da siffofin waliyyan Katolika na New Mexico, kowanne da takardar bayanin asalinsa da mamallakinsa.

Sai dai kundin bai game kowa ba, kuma wannan giɓi ba ƙarami ba ne ga aikin da ke iƙirarin nuna fuskar ƙasa: an bar yawancin sana'ar 'yan asalin nahiyar a waje, jihohin kudu kuma rabonsu kaɗan ne. Shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu ta tsayar da aikin kafin a buga shi yadda aka tsara, kuma tun 1943 zane-zanen suna ajiye a National Gallery of Art da ke Washinton.