Harsashi mai zafi: ɓarnar da yake yi wa bindiga kafin ya isa ko'ina

Duk wanda ya taɓa raka shanu daga Arewa zuwa Kudu ya san irin hirar da ake yi a saman tirela in dare ya yi. Ni ɗan Suleja ne, mahaifina fataucin shanu yake yi, tun ina sakandare nake bin lodi zuwa Akinyele a Ibadan da Oko-Oba a Agege. Da zarar an wuce Lakwaja an doshi Okene, hira takan koma ta masu garkuwa, daga nan sai ta gangaro kan bindiga. A irin wannan hirar na fara jin ana cewa wai akwai "harsashi mai zafi", wanda in ka sa shi a ƙaramar bindiga ta zama tamkar ta soja.

Da muka dawo gida sai na kai maganar wurin wani dattijo a unguwarmu, tsohon soja ne da ya yi shekaru yana aiki a ma'ajiyar makamai. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, motar da ke ɗaukar shanu talatin, in kuka cusa mata arba'in, a tafiyar farko take karyewa?" Na ce, "A'a Baba, sai dai sifirin ya fara kwanciya, daga baya shasi ya tsage." Ya ce to ka gama fahimtar rabin karatun. Sauran rabin shi ne abin da na tattaro daga bakinsa da kuma abin da na karanta daga baya.

Harsashi mai zafi gaskiya ne, akwai shi. A gindin kwansonsa ake buga alamar +P. Albarushin da ke ciki in ya kama wuta yakan zama iska mai tsananin matsi, ita ke tura kan harsashin waje. Ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai a Amurka ta ƙayyade cewa harsashin 9mm na yau da kullum kada matsinsa ya wuce 35,000 a ma'aunin psi, mai +P kuma 38,500. Wannan ma'aunin shi ne dai wanda mai faci ke auna iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota 32 zuwa 35 ake ba ta, ka ga ke nan ninki dubu ake magana, a cikin ɗan bututun da bai fi yatsa ba. Akwai kuma mai alamar +P+, shi wannan babu wata iyaka da aka amince da ita, kowane kamfani da abin da ya ga dama.

Ƙarin kashi 10 cikin ɗari kamar ba wani abu ba ne, sai ka duba yadda fistol mai ɗura kanta take aiki. In an ja kunama, ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake tura murfin sama na bindigar baya. Murfin ya zame, ya cillar da kwanso, sifirin da ke ƙarƙashinsa ya dawo da shi, a hanyar dawowa ya ɗauko sabon harsashi. Duk kafin ƙiftawar ido. Maƙeran sun auna nauyin murfin da ƙarfin sifirin daidai da wani matsi da suka sani. In matsin ya ƙaru, murfin yakan koma baya da gudun da ya wuce lissafi, ya rinƙa dukan jikin bindigar kamar guduma. Sifirin ne ke fara gajiya. Shi kuwa in ya saki, dukan sai ya ƙara tsanani, haƙoran da ke kulle bututu da murfi su fara daƙuwa, ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta lalace, zafi ya rinƙa cin maƙogwaron bututun. Daga ƙarshe tsaga ta fito, siririya kamar gashi, wadda ido ba ya gani sai ranar da ƙarfen ya rabu.

Kada a ce wannan labarin tsofaffin bindigogi ne kawai. A 1985 sojojin Amurka suka ɗauki Beretta 92F a matsayin fistol ɗinsu, suka sa mata suna M9. Cikin 'yan shekaru aka samu wasu da murfinsu ya karye ana tsakiyar harbi, guntun ya dawo ya sami masu harbin a fuska. Kamfanin ya ɗora laifin a kan harsashin da ya wuce ƙa'ida, masu binciken soja suka ce ƙarfen ma da nasa laifin. An sha gardama, amma dai sai da aka gyara ƙirar aka fito da 92FS, wadda ko murfin ya karye ba zai tashi ya sami mutum ba. Wannan fa ƙasa ce mai injiniyoyi, da littafin da ake rubuta yawan harbin da kowace bindiga ta yi, da lokacin canza mata sifirin.

Ribar kuma? A ganina ba ta taka kara ta karya ba. Gudun harsashin yakan ɗan ƙaru, amma bindigar ta fi zabura a hannu, ƙara da walƙiya sun fi yawa, saiti na biyu ya fi wuya.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi ba ni tsoro. A ƙasashen Turai da dama ba a sayar da fistol sai an gwada ta da harsashin da matsinsa ya ɗara na ƙa'ida da kusan kashi 30, ta jure, a buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham a Ingila tun 1813 yake wannan aikin. Bindigar da ake tallata wa mutanenmu a ɓoye a kara ko a tasha fa? Yawanci ƙirar gida ce, bututunta wani lokacin fayif ne aka yanka aka yi wa walda, babu wanda ya taɓa gwada ta. In kuma ta kamfani ce, ta bi hannu goma, ba ka san me ta sha ba. Harsashin ma haka. Wani an yi shi ne don bindiga mai sarrafa kanta, girmansu ɗaya, zai shiga fistol lafiya lau amma ya fi ƙarfinta. Wani an sake cika shi da hannu. Wani ya kwana ya wuni a cikin mota a rana, zafi kuwa ƙara matsi yake yi. Bindigar kamfani lalacewa take yi a hankali. Ƙirar gida ba ta da wannan haƙurin, fashewa take yi. Na san wani ɗan kamasho da muke haɗuwa a kara, ya je gwada tasa a bayan gari, yau yatsu uku gare shi a hannun dama. Kuma bai iya zuwa asibiti a ranar ba, don ya san tambayar da za a fara yi masa.

Tambayar kuwa tana da tushe. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasinta, ta farauta mai cin katirij Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna cikin haramtattu, sahu ɗaya da bindigogin soja, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin da ke jiransa bai gaza shekara goma ba. Mu da ke zaman ci-rani ko fatauci a Kudu ma abin ya wuce kotu. Ba mu manta da Uromi a Jihar Edo ba, watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Allah ya jiƙansu. Bindigar farauta ke nan, ina ga an ciro fistol daga ƙarƙashin kujerar direba?

Ban ce tsoron da ke sa mutane neman makami ƙarya ba ne, ni ma na kwana a daji muna jiran a buɗe hanya. Watan jiya a Akinyele wani ya jawo ni gefe, ya buɗe leda ya nuna mini harsasai, ya ce masu zafi ne, zai haɗa mini da bindigar a farashi mai sauƙi. Na tambaye shi wa ya ƙera ta, harbi nawa ta yi. Ya ce wannan kuma sai Allah. Na ce masa Alhaji na jira na, shanu ba su sha ruwa ba.