Danƙon da ke Riƙe Tsakuwa

Daga nan Kwantagora, yau zancen tsakuwa za mu yi, da danƙon da injiniyoyi ke zuba mata don ta tsaya wuri guda.

Duk direban da ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Tegina ko ta Yawuri ya san ƙarar nan. Tayar tirelar ta tsinci dutse ɗaya, ta cilla shi baya, sai ka ji ƙas a gilashi. Kafin a isa gida tsagar ta yi tsawon ɗan yatsa, bayan mako guda ta ratsa gilashin gefe zuwa gefe. Ɗan acaɓa kuwa ya fi kowa sanin sharrinta: ya shiga kwana, ya taɓa birki a kan tsakuwar da ta warwatsu, sai babur ya zame, buhun masara ya yi nasa waje.

Kwantagora na kan babbar hanyar A1, wadda ta taso daga Legas, ta bi ta Jebba da Mokwa, ta wuce Yawuri har Sakkwato. Manyan motocin mai da na hatsi ba su daina bin ta dare da rana. Nauyi na danna tsakuwa daga sama, ruwan damina na zaizaye ta daga ƙasa. Tambayar da masu gina hanya suka daɗe suna fama da ita ke nan: me zai riƙe dutse da ɗan uwansa?

Wajen 1820, wani mutumin Sikotlan mai suna John McAdam ya yaɗa dabarar shimfiɗa ƙananan duwatsu masu kaifi a daddaɓe su har su sarƙe. Da motoci suka zo suka riƙa tsinke su suna tayar da ƙura, sai Edgar Hooley na Birtaniya ya yi rajistar haɗa su da baƙin danƙon gawayin kwal a 1902. Daga sunan wannan danƙo a Turance Bahaushe ya samo kalmar kwalta. Har yau, idan aka fesa kwalta mai zafi a kan marmara, tifa ta bi baya tana barbaɗa tsakuwa, rola ta daddanne, jikan waccan dabara ake gani.

A layin dogo lamarin ya sha bamban. Jirgin ƙasa bai shigo Kwantagora ba, amma ba shi da nisa: tsohon layin Legas zuwa Kano ya bi ta Mokwa da Zungeru da Minna, kuma tun 1911 layin da ya taso daga Baro ya isa Kano. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin dogo a Zungeru ya ga tulin duwatsun da ke ƙarƙashin ƙarfen, kowanne kamar ƙwan kaza, daga santimita 3 zuwa 6. Da gangan aka bar su babu siminti. Su ne ke raba nauyin jirgi a kan ƙasa, su shanye girgiza, su bar ruwan sama ya tsiyaye ta tsakaninsu. In aka toshe su da kwalta, ruwa ya kwanta, layi ya lalace.

To a nan ne sabon danƙon ya shigo.

Sinadari ne irin na roba, yawanci wanda ake kira foliyuritan, ko kuma ifoksi, ɗan uwan gam ɗin nan mai kwalabe biyu da makanikai ke cakuɗawa. Shi ma ruwa biyu ne a ganguna daban. Ma'aikaci sanye da safar hannu da abin rufe hanci yana riƙe da bututu, ruwayen biyu na haɗuwa a bakinsa, yana tafe a hankali yana fesawa. Danƙon na gangarawa kamar zuma, yana lulluɓe kowane dutse da siririyar riga, yana taruwa a daidai inda dutse ya taɓa dutse. Cikin sa'o'i kaɗan ya daskare. A kantun gyaɗa sukari ne ke cike duk wani gurbi. A nan kuwa ramukan na nan a buɗe. Ka sheƙa bokitin ruwa, ya zurare ƙasa nan take; ka sa hannu ka ciro dutse ɗaya, ya ƙi.

A Birtaniya, masu bincike na Jami'ar Heriot-Watt da ke Edinbura sun ƙirƙiro wata hanya irin wannan mai suna XiTRACK, aka soma amfani da ita a layukan ƙasar a farkon shekarun 2000. Ba a fesa wa layi baki ɗaya. Ana zaɓar wuraren da suka fi shan wahala: mararrabar dogo, inda titi ya ƙetare layi, da bakin gada, inda jirgi ke barin ƙasa mai laushi ya hau kankare mai tauri, tsakuwa ta riƙa nutsewa. A ƙasashe masu jiragen da ke gudun kilomita 300 a sa'a, akan liƙe saman tsakuwar don kada iskar jirgi ta ɗauke ta ta jefi ƙasan tarago. A biranen Turai kuma, akan shimfiɗa hanyar masu tafiya da ƙafa da harabar gidaje da shi.

Sai dai danƙon na da sharuɗɗa. Yana son dutse wankakke kuma busasshe. Ƙurar hunturu in ta lulluɓe tsakuwa, ƙurar zai kama ya bar dutsen. Danshi kuwa na sa wani nau'insa ya yi kumfa ya rasa ƙarfi. Daga man fetur ake sarrafa shi, kuma ya fi kwalta tsada nesa ba kusa ba. Idan aka liƙe layi, ranar da za a sake daidaita shi sai an farfasa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinsa. A daminar 2017, ambaliya ta yanke hanyar Mokwa zuwa Jebba a Tatabu, motocin Kudu da Arewa suka yi cirko-cirko. Ruwan da ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi ba ya tambayar ko tsakuwar sama a liƙe take. Wannan aikin kwalbati ne da magudanar ruwa.

Inda danƙon zai iya yi wa gari irin Kwantagora rana shi ne ƙananan wurare masu cin rai: kafaɗar titi a kwana, bakin kwalbati inda ruwa ke zaizaye duwatsu, gangaren gada, da harabar tasha ko asibiti inda ake son ƙasa mai tauri da ba ta tara ruwa. Sauran dogayen kilomitocin, kwalta da marmara da rola ne za su ci gaba da ɗaukarsu.

Matafiya da ke kan hanyar Tegina, da Rijau, da Yawuri, Allah ya kai ku lafiya.