3.2 Dangin Ƙwayoyin da Ke Mayar da Madara Nono

A wannan fasali za a dubi abin da ke faruwa cikin ƙwarya a rugagen Fulani na Wurno da Rabah da Goronyo. Da zarar an tatsi madara, ƙwayoyin halitta iri-iri da ido ba ya gani sukan shiga cikinta daga hantsar saniya da hannun mai tatsa da jikin ƙwaryar. Sai dai ba dukkansu ke wanzuwa ba. Dangin Lactobacillus da Lactococcus suna cin sukarin madara su fitar da tsami, tsamin kuwa ya danne yawancin masu ruɓar da abinci da masu kawo gudawa.

Wannan hali gado ne. A 2020 masana suka kasa Lactobacillus gida 25 bisa nasabarsu, inda masu fitar da tsami zalla suka faɗa wasu rassa, masu haɗa shi da iska suka faɗa wasu. Saboda haka, Bafulatanar da ke zuba ragowar nonon jiya cikin madarar yau, ƙwayoyin da suka yi nonon jiya take raya wa, shi ya sa ɗanɗanon nonon wata ruga yakan bambanta da na maƙwabtanta. In kuwa tsamin bai kama da wuri ba, mai shan fura da nono ne ke kwana da ciwon ciki.