Fasahar Nano a Ma'aunin Fiƙihu: Nazari Daga Gonakin Kura da Bunkure

  

Wani ɗalibina, wanda mahaifinsa ke noman shinkafa a Kura, ya tare ni da tambaya bayan darasin Usulul Fiƙhi. Ya ji labarin wani takin zamani na ruwa da ake yi a Indiya, wanda masu shi ke cewa kwalba ɗaya mai rabin lita tana maye gurbin buhun yuriya mai kilo 45. Ya ce: "Malam, in ya iso mana, ya halatta mu fesa shi a kan abin da mutane za su ci?" Na yi nufin in ce masa asalin abubuwa halacci ne, sai na tuna cewa malamanmu ba sa yanke hukunci a kan abu kafin su fahimci haƙiƙarsa.

Nanomita ma'auni ne na tsawo: a raba mita ɗaya gida biliyan, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Fasahar nano ita ce sarrafa abu a tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Wani masani ɗan Japan, Norio Taniguchi, shi ya raɗa mata suna a 1974, shekarar da aka kammala dam ɗin Tiga wanda ke shayar da gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam.

Muhimmin al'amari a nan shi ne ƙanƙanta tana canza ɗabi'a. Ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi: fuskokinsa shida ba su wuce faɗin kan sarki ba. In aka daddatsa shi zuwa gutsattsari masu nanomita ɗaya, jimillar fuskokinsu za ta kai murabba'in mita 6,000, wato fiye da rabin hekta, alhali nauyinsa bai ƙaru ba. To, ta fuskarsa ne abu ke cuɗanya da abin da ke kewaye da shi. Shi ya sa zinariya, wadda muka sani rawaya ce kuma ba ta tsatsa, takan koma ja a wannan mataki, har ta riƙa hanzarta haɗuwar sinadarai. Maginan tukwane na Iraƙi a zamanin Abbasiyawa sun ci moriyar wannan ba tare da sun san sunansa ba, domin ƙyallin da suke yi wa kwanukansu tun ƙarni na 9 Miladiyya daga irin waɗannan ƙwayoyi ne na azurfa da jan ƙarfe.

A nan sai in ja kunnen ɗalibai. Wasu masu wa'azi kan yi gaggawar cewa zarrar da Alƙur'ani ya ambata ita ce ƙwayar da masana kimiyya suka gano. Magabatan masu tafsiri sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar da ake gani a cikin hasken rana. Haka ma jauharul fardi na Ash'arawa, wanda Alƙali Baƙillani (ya rasu 403 Hijiriyya) ya kare, hujjar hankali ce a kan faruwar duniya, ba abin da ake gani da madubin ƙara girma ba. Ɗaure aya ga binciken da gobe zai iya sauyawa ba hidima ba ce ga Littafi. Masu ganin wannan fasaha canza halittar Allah ce da aka zarga a Suratun Nisa'i su ma ban bi su ba. Wanda ya jera ƙwayoyi bai samar da ko guda daga babu ba. Aikinsa ɗan'uwan aikin maƙeri ne, sai dai uwar maƙerarsa ta ƙanƙance.

Wahalar tana wani wuri daban. A babin istihala mun saba da abin da ya rikiɗe, sunansa da siffarsa suka sauya tare, kamar giyar da ta koma khalli da kanta, ko jinin da ya zama almiski. A nan kuwa suna yana nan, asali yana nan, siffa ce kaɗai ta sauya. Shin ƙwayar za ta gāji hukuncin dunƙulen? Ra'ayina shi ne ba za ta gada ba sai da bincike, domin halaccin ci yana rataye ne da rashin cuta, ba da suna ba. Mu a Arewa mun ga kwatankwacin wannan da idonmu. Dalmar da ke cikin duwatsun Zamfara ta daɗe a kwance ba ta kashe kowa ba, sai da aka niƙa su a cikin gidaje don neman zinariya, ƙurar ta hallaka yara fiye da 400 a 2010. Waccan ƙura ba ta kai ƙanƙantar nano ba, amma darasin ɗaya ne. A Turai ma, sinadarin titaniyam dayoksaid da aka shekara da shekaru ana faranta alewa da shi, an hana sa shi a abinci a 2022, bayan hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya kore yiwuwar ƙananan ƙwayoyinsa su taɓa ƙwayar gado ba.

Mas'alar ruwa ta fi damuna. Mun karanta a Risala da Mukhtasar cewa ruwa yana kan tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Wannan ma'auni ne na ibada, kuma yana nan daram: alwala da ruwan magudanar Kadawa ta inganta ko da akwai abin da ido bai gani ba a ciki. Kuskuren shi ne a ɗauki tsarki a matsayin shaidar lafiya. Ruwan da ya fita daga gonar Bunkure ba ya tsayawa a Bunkure. Shanun Fulani na sha, yara na wanka, ragowar ta gangara ta Wudil zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta ke cin abinci. Wanda ya ga yadda aka yi ta feshi, sau da yawa ba safar hannu ba takunkumi, lokacin da tsutsar da manoma suka kira sharon ta cinye tumatir a 2016, ya san abin da ke kwalba ba ya daɗewa bai shiga ruwa ba.

Imam Ƙarafi (ya rasu 684 Hijiriyya) ya kasa hanyoyin ɓarna uku a cikin Al-Furuƙ: wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, wadda aka haɗu a kan barin ta, kamar shuka inabi duk da ana iya yin giya da shi, da wadda aka yi saɓani. Fasahar nano a dunƙule tana tare da inabi, domin da ita ake tace ruwan sha, da ita ake isar da wasu magungunan sankara. Amma kowane kaya da aka yi da ita sai an auna shi shi kaɗai.

Shi kuwa takin da ɗalibina ya tambaya, kamfanin IFFCO ne ya fitar da shi a 2021, kuma matsalarsa ta farko ta ciniki ce. Naitirojin da ke kwalbar bai wuce giram 20 ba, na buhun kuwa ya kai kilo 20. Kamfanin na cewa ganye na shanye nasa kai tsaye, na buhu kuma mafi yawansa zurarewa yake. Sai dai masana a Jami'ar Kofanhagen sun ƙalubalanci wannan iƙirari a 2023, kuma gwajin Jami'ar Aikin Gona ta Punjab ya nuna raguwar amfanin alkama da shinkafa. Sayar da siffar da ba ta tabbata ba garari ne, kuma manomin da ya ci bashi don noman rani shi zai kwana a ciki. Don haka na ce wa ɗalibin ya gaya wa mahaifinsa kada ya bar buhu don kwalba sai kayan ya samu rajistar hukuma, an kuma gwada shi a ƙasarmu da irin shinkafarmu. Nauyin kawo hujja a kan mai shigo da kayan yake.

Akwai abin da ya rage wa majalisun fatawa. Fiƙihunmu na lamuni ya bambance wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi. In cutar ta bayyana bayan shekara goma a jikin masunci a Nguru, alhali manoma dubu ne suka yi feshin, dillalai ɗari suka sayar, kamfanin kuma yana wata nahiya, wa alƙali zai kira?