Gireba a Lokacin Hunturu: Gashin Kayan Zaƙi a Gwandu da Kalgo

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga hamadar Sahara tana lulluɓe ƙasar Kabi da hazo, akan samu yawaitar bukukuwan aure a Gwandu da Kalgo, saboda kaka ta wuce kuma hannun manomi ya buɗe. A irin waɗannan bukukuwa ne ake haɗa gara, wato kayan abinci da dangin amarya ke kai wa gidan ango, kuma a cikinta ba a rasa alkaki da nakiya da dubulan da gireba. Ita girebar ce ta fi kusa da biskit ɗin sukari da mutanen Turai da Amurka ke gasawa a lokacin sanyinsu, domin gasa ta ake yi, alhali alkaki da dubulan soya su ake yi a mai kafin a tsoma su a zuma ko ruwan sukari.

Sunayen da kansu suna nuna hanyar da kayan suka biyo, domin alkaki da gireba kalmomi ne masu tushe a Larabci, waɗanda suka shigo ƙasar Hausa ta hulɗar fatauci da Larabawan Arewacin Afirka. Alkama kuwa, wadda daga ita ake samun fulawar yin su, amfanin rani ce da ba ta yi sai da sanyi, shi ya sa ake shuka ta a fadamu a Nuwamba ko Disamba a girbe ta wajen Maris, kuma a Jihar Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa da alkama rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamban 2015. Duk da haka, mafi yawan fulawar da ake aunawa a kasuwannin yankin daga alkamar ƙasashen waje ake niƙa ta.

Haɗin gireba ba shi da yawa: fulawa da niƙaƙƙen sukari da man gyaɗa, sai riɗi na ado. Sirrinta yana cikin rashin ruwa, domin idan ruwa ya haɗu da fulawa aka murza, sai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin ya tashi, wanda shi ne ke sa burodi ya yi jan jiki, amma idan mai ya riga ya lulluɓe garin sai danƙon ya kasa haɗuwa, abin ya fito da garɗi yana narkewa a baki. Akan danna ƙullun a cikin ƙaramin ludayi ko wani mazubi mai kama da shi don ya ɗauki siffa, a kife shi a faranti, a gasa. Mai tanderun gas ko na lantarki takan tsayar da zafi wajen digiri 170 zuwa 180, wadda ba ta da shi kuma takan zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti a kan yashin, ta aza tukunyar a kan murhun gawayi, ta zuba garwashi kaɗan a kan murfi don saman ya gasu, dabarar da ta fi buƙatar ido da hanci fiye da agogo.

A nan ne hunturu ke yi wa mai gashi gata. Sukari yana zuƙar laimar iska, shi ya sa biskit ke yin laushi da damina, adon da ke kansa ya riƙa naso, amma a bushewar hunturu yakan yi kwanaki da garɗinsa. Haka kuma ƙullun da aka haɗa da bota ko man shanu ba ya saki da sanyin safiya, don haka ana iya murza shi a yanka siffofi ba tare da firiji ba, abin da ba ya yiwuwa a zafin bazarar Afrilu. Farin adon da Turawa ke zanawa a kan biskit, wanda ake kaɗawa da farin ƙwai da garin sukari da ɗigon lemun tsami, yana bushewa da wuri a wannan iska, har ma yakan toshe bakin ledar da ake matsa shi idan ba a rufe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle ba. Aibin lokacin ɗaya ne, wato ƙura, wadda ke sauka a kan ɗanyen ado ta dishe farinsa, saboda haka a ɗaki ake shanya shi a rufe da rariya.

Batun zane kuwa, masu koyon sana'ar ta bidiyon YouTube sukan kwaikwayi siffar ƙanƙarar da ke zuba a Turai mai tsini shida, ko bishiyar Kirsimeti, alhali wanda zai ci bai taɓa ganin ɗayansu a ƙofar gidansa ba. Garin Gwandu da ke ɗauke da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai rasa zanen da ido ya saba da shi ba: akwai zayyanar allon saukar Alƙur'ani, da dagi na aikin babbar riga, da furen lalle na hannun amarya, kuma dukkansu layuka ne da ɗigo waɗanda bakin leda zai iya bi a kan biskit mai faɗin tafin yaro.